Wai da gaske ƙwayoyin cikin hanji ne ke hana mutum bayan gida?

Abu_Sadik_Tela:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da zancen da zan kawo, ba mai daɗin faɗa ba ne a cikin jama'a, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara biyu ke nan ina fama da taurin bayan gida. Sai in yi kwana huɗu, wani lokaci biyar, ban zaga ba. In na shiga kuma sai na yi ta nishi har gumi ya keto mini, abin da zai fito ɗan guntu-guntu kamar kashin awaki, in fito ina jin kamar ban gama ba. Ciki kullum a kumbure. Abin ya soma ne bayan na sha maganin taifot har zagaye uku cikin wata biyar, duk a wani kemis na unguwarmu. Jiya ƙanwata da ke karatun jinya ta ce wai magungunan ne suka karkashe ƙwayoyin da ke cikin hanjina masu taimaka wa mutum. Ni dai a sanina ƙwayar cuta gudawa take sawa, ban taɓa jin rashinta ya hana kashi ba. Masana, wai haka ne?

Ɗan_Kwari77:
Malam basir ne kawai, kar ka wahalar da kanka. Nemi masu maganin basir na gargajiya, kwalba ɗaya ta ishe ka.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ka lafiya. Ka riƙa shan ruwa mai ɗumi kofi biyu da asuba, sannan ka lazimci gwanda. Ni da ita na rabu da nawa.

Nas_Talatu:
Ɗan_Kwari77, don Allah mu daina kiran komai basir. Kumburin ciki basir, ciwon baya basir, kasala basir. Basir a asibiti shi ne kumburin jijiyoyin jini na dubura, kuma sau da yawa taurin bayan gidan ne ke jawo shi saboda yawan yunƙuri. Ka ga ke nan an ɗauki ɗa an mai da shi uba.

Malam_Nasiru_Lab:
Malam Abu Sadik, ƙanwarka ba ta yi shaci-faɗi ba, akwai ƙamshin gaskiya a maganarta. Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da tsawo.

Jikin baligi yana ɗauke da bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji suke. Da ana cewa sun ninka ƙwayoyin halittar jikinmu sau goma, amma lissafin da aka sake yi a 2016 ya nuna kusan kunnen doki ne. In aka tara su duka, nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Mafi yawansu ba masu sa cuta ba ne, abokan zama ne.

Abincinsu shi ne abin da cikinmu ya kasa narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zare-zaren ganye. In wannan ya gangaro babban hanji sai su tsima shi, kamar dai yadda kamu ke yin tsami in ya kwana. Daga tsimin nan ake samun wasu sinadarai, mafi shahara a cikinsu shi ne butiret, wanda shi ne babban abincin fatar cikin hanjin kanta. Sinadaran nan suna da hannu wajen zaburar da hanji ya riƙa matsawa yana tura abin da ke cikinsa gaba. Sannan akwai sirotonin, wanda mutane suka fi sani da sinadarin ƙwaƙwalwa, alhali kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake yin sa, kuma yana cikin masu ba hanji umarnin motsi. A 2015 masu bincike a Caltech ta Amurka sun nuna ɓerayen da aka raina ba tare da ko ƙwaya ɗaya a cikinsu ba sirotonin ɗinsu ya yi ƙasa sosai, hanjinsu kuma ya yi nawa. Da aka zuba musu wasu nau'in bakteriya sai abin ya daidaita.

In kuwa hanji ya yi nawa, sai bayan gidan ya daɗe a ciki, hanjin kuma aikinsa tsotse ruwa ne. Yana daɗewa yana bushewa. Kashin awakin da ka ambata ke nan.

Ɗan_Kwari77:
Tiriliyan 38 a cikina? Ashe ba ni kaɗai nake cin kuɗin cefanena ba.

Ummu_Khairat:
To Malam Nasiru, in mutum ya sha maganin kashe ƙwayoyin, shi ke nan ba sa dawowa?

Malam_Nasiru_Lab:
Suna dawowa, Hajiya, amma ba lallai su dawo yadda suke ba. An yi wani gwaji a Denmak, aka buga a 2018: maza 12 lafiyayyu aka ba antibayotik masu ƙarfi iri uku na kwana huɗu. Bayan wata ɗaya da rabi akasarin ƙwayoyin sun farfaɗo, amma bayan wata shida akwai nau'i tara da da kowannensu yake da su, aka neme su aka rasa a cikin mafi yawansu. Kwana huɗu fa kacal. To ina ga wanda ya yi zagaye uku cikin wata biyar?

Famasist_Auwal:
Ina tare da Malam Nasiru, amma bari in taka burki kaɗan. Abin da antibayotik ya fi jawowa gudawa ce, ba tauri ba. Don abu ya zo bayan abu ba ya nufin shi ya haife shi. Sannan akwai tambayar da masu binciken kansu ba su gama warwarewa ba: canjin ƙwayoyin ne ya sa hanji nawa, ko nawar hanjin ce ta canza ƙwayoyin? Domin in bayan gida ya daɗe a ciki, ƙwayoyin da ke hayayyafa a hankali su ke samun sarari su yawaita. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma mai yiwuwa kowanne yana ciyar da ɗan uwansa.

Abin da ya fi damuna shi ne zagaye ukun nan na taifot. Gwajin Widal da ake dogara da shi a ƙananan wurare yana yawan nuna akwai cutar alhali babu. Kullum ina ganin mutane, ciki ya ɗan murɗa sai a zo a ce a ba ni Flagyl da sifro na ɗari biyar. Kamar gyaɗa.

Malam Abu Sadik, akwai wani magani da kake sha yanzu a kai a kai? Ko na hawan jini, ko na olsa, ko na ciwon jiki?

Baba_Manomi:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ku ji nawa. Muna yara a ƙauye ban taɓa jin babba ya ce ya kwana uku bai zaga ba. Da safe koko ko ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, da rana fura, da yamma kwaɗon rama ko tafasa ko zogale, ga ɗanwake, ga goruba da magarya da kanya muna tafe muna ci. Yanzu 'ya'yana a birni, safe shayi da burodi, rana shinkafa fara sol, dare taliya. Geron ma in an saya sai an surfe shi tas, a kwashe dusar a ba awaki. To awakin lafiyarsu ƙalau, masu gidan ne ke nishi a banɗaki.

Maman_Ilham:
Wallahi Baba ka gama magana.

Zinariya_Maradi:
Baba, maganarka ta tuna mini da wani bincike da aka yi a maƙwabtanmu Burkina Faso, muna karatu aka koya mana shi. A 2010 wasu likitocin Italiya sun gwada bayan gidan yara 14 na wani ƙauyen Mossi mai suna Boulpon da na yara 15 na birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen irin namu ne sak: gero, dawa, wake, ganye. Aka tarar cikinsu cike yake da wasu ƙwayoyi irin su Prevotella masu iya narkar da dusa, waɗanda ba a samu a cikin yaran Turai ba, kuma sinadaran nan da Malam Nasiru ya ambata sun fi yawa a wurinsu. Abin da ya ba ni dariya, Turawa na tahowa daga nesa su yi nazarin tuwonmu, mu kuma muna gudunsa muna cewa abincin ƙauye ne.

Malam_Nasiru_Lab:
Haka ne 'yar uwa. Tun kafin nan ma akwai Denis Burkitt, likitan tiyata da ya daɗe yana aiki a Yuganda. A farkon shekarun 1970 har awon bayan gida ya yi a sikeli. Mutanen karkarar Afirka suna fitar da sama da giram 400 a rana, abinci yana ratsa cikinsu a kwana ɗaya da rabi. Turawan Ingila masu cin farin fulawa kuwa giram 100 da ɗan ɗoriya, abincin kuma ya yi sama da kwana uku a ciki.

Sarkin_Musu:
Ku dakata. Kakana bai taɓa barin ƙauye ba, tuwon dawa yake ci safe da dare har ya rasu, amma shekarunsa goma na ƙarshe da filasko yake zagawa. Ina ƙwayoyin nasa suka tafi? Kullum sai a ce da can komai lafiya lau. Mutanen da ma suna da ciwon, kunya ce ta hana su faɗa.

Nas_Talatu:
Sarkin Musu yau kam ka yi musu mai amfani. Tsufa kansa yana rage ƙarfin hanji, ga rashin motsi, ga ƙarancin shan ruwa. Ba komai ne ƙwayoyi ba. Ciwon suga yana sawa, raunin aikin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo yana sawa, juna biyu yana sawa, balle in an haɗa da ƙwayar ƙarin jini.

Akwai kuma wanda ba a cika magana a kai ba, wato matse kashi. Na yi makarantar kwana, banɗakinmu ba ya shiguwa, sai mu riƙe har sai dare ya yi mu zaga bayan hostel. Wasu ƙawayena har yau ba su warware ba. In kana yawan danne shi, dubura takan saba, ta daina ba ka labari. 'Yan kasuwa da direbobi da masu ɗinki duk suna cikin wannan. Wasu kuma tsokar ƙasan ce ke ɗaurewa lokacin da ya kamata ta saki, irin waɗannan ko buhun zogale suka ci ba za su ga daidai ba sai an koya musu yadda za su saki jiki.

Famasist_Auwal:
Tunda an ambaci filasko, ga wani abu da zai ba ku mamaki, kuma ya dawo da mu kan tambayar farko. Sinadarin da ke cikin ganyen filasko ba ya aiki da kansa. Haka yake wucewa ta tumbi da ƙaramin hanji ba abin da ya taɓa shi, sai ya isa babban hanji bakteriya su farfasa shi, sannan ya zama abin da ke tsikarar hanji. Shi ya sa in ka sha da dare sai da safe yake kama ka, awa shida zuwa goma sha biyu. Maganin asibiti da ake kira senna daga dangin ganyen nan ake yin sa. Haka ruwan laktulos mai zaƙin nan da ake ba masu ciki da tsofaffi, shi ma sai ƙwayoyin sun tsima shi yake jawo ruwa cikin hanji. Wato ko kakan Sarkin Musu da ƙwayoyin cikinsa yake aiki bai sani ba.

Sai dai a yi hattara da na kwalba da ake yawo da shi a mota da lasifika. Ba ka san yawan abin da aka zuba ba. Mutum ya yi ta tsuga gudawa har jiri ya kama shi, a ce masa ai dattin ciki ne ke fita.

Ɗan_Kwari77:
To ni dai na sha kuma na ji daɗinsa.

Famasist_Auwal:
Kwana nawa ka yi kafin ka sake nemansa, Alhaji?

Ɗan_Kwari77:
Wannan kuma sirri ne.

Hafsat_Abuja:
Ni matsalata daban. Na karanta irin wannan bayanin na dage da wake da kabeji da alkama, wallahi sai cikina ya zama kamar ganga, ga tusa ba dare ba rana, bayan gidan kuma bai zo ba. Har na daina zuwa taron biki. Daga baya likita ya sa aka yi mini gwajin numfashi, na sha wani ruwa ina hura iska a 'yar jaka duk bayan mintuna, aka ce iskar metan ta yi yawa a cikina.

Malam_Nasiru_Lab:
Yawwa, Anti Hafsat ta kawo ɗaya ɓangaren. Ba rashin ƙwayoyi kaɗai ke kawo matsala ba, wani lokaci yawan wasu ne. Akwai wata halitta a hanji mai suna Methanobrevibacter smithii. A ƙa'ida ma ba bakteriya ba ce, wani jinsi ne daban, amma tare suke zaune. Ita tana cin iskar da sauran suka fitar ne ta mai da ita metan, irin iskar da shanu ke gyatsawa. Metan ɗin nan birki ne ga hanji. Wani likita a asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles, Mark Pimentel, ya gwada a karnuka a 2006, ya zuba musu iskar a hanji, tafiyar abinci ta ragu da kashi 59 cikin 100. Masu irin wannan, wani lokaci da antibayotik na musamman ake yi musu magani. Kun ga abin mamaki, maganin da ake zargi a wurin Abu Sadik shi ne waraka a wurin wata. Amma likita ne zai tantance, kar wani ya ruga kemis.

Kuma ko wanda ba shi da metan, in ya tashi daga burodi ya faɗa wa wake rana ɗaya, dole ciki ya kumbura. A hankali ake ƙarawa, cikin sati uku ko huɗu, da ruwa isasshe. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana.

Ummu_Khairat:
Mece ce harza kuma?

Zinariya_Maradi:
Dusa da zare-zaren da ke cikin abinci, Yaya, wanda ciki ba ya narkarwa. Irin tuƙar da ke rage miki a baki in kin tauna aya ko rake.

Matashi_Dijital:
Ni fa na ga ana tallan ƙwayoyin furobayotik a Facebook, wai masu rai biliyan hamsin a kafso ɗaya. Ba sai mutum ya saya ya huta ba?

Famasist_Auwal:
Ina sayar da su, amma ba zan yi maka ƙarya ba. Wani nazari da aka yi a King's College ta Landan a 2014, da ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna suna rage daɗewar abinci a ciki da kimanin awa 12, suna ƙara zagawa kamar sau ɗaya da ɗan kai a mako, kuma nau'in Bifidobacterium lactis ya fi nuna alama. Taimako ne, amma ba mai yawa ba, kuma ba kowane nau'i ba. Galibi in ka daina sha suna wucewa, ba sa kafa gida. Ga zafin garinmu, ga rashin wuta, kwalbar da ta yi wata uku a kanta ba firji, Allah kaɗai Ya san nawa suka rage da rai. In kuɗinka ƙalilan ne, ni da kai gara mu kai su wurin mai kayan miya.

Baba_Manomi:
To nono da kindirmo fa? Ba su ne furobayotik ɗin namu ba?

Malam_Nasiru_Lab:
Su ne Baba, akwai masu rai a ciki, irin masu sa madara tsami. Sharaɗin dai a tafasa madarar kafin a ɗaura nonon, don ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar bakkale da tarin fuka na shanu. Koko da daddawa su ma tsimammu ne, sai dai wuta tana kashe akasarin ƙwayoyin kafin su iso bakinmu.

Maman_Ilham:
Nonon yanzu da ake dama shi da garin kuka da ruwan rijiya? Allah Ya kyauta.

Zinariya_Maradi:
Garin kukar ma ai harza ce, Maman Ilham, ruwan ne abin tsoro.

Matashi_Dijital:
Na kuma ji wai a Turai har dashen kashi ake yi, a ɗebo na mai lafiya a sa wa marar lafiya. Gaskiya ne ko sharrin intanet?

Ɗan_Kwari77:
A'uzu billahi. Gara in mutu da nawa.

Malam_Nasiru_Lab:
Gaskiya ne, amma ba don taurin bayan gida ba. Ana yi ne ga masu wata muguwar gudawa da ke dawowa bayan shan antibayotik, kuma a nan yana aiki ƙwarai, har Amurka ta amince da wani magani irin wannan a 2022. Ga taurin bayan gida har yanzu gwaji ake yi. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, a Sin an ɗebi ƙwayoyin masu fama da tauri an sa wa ɓeraye, sai hanjin ɓerayen ya yi nawa. Famasist, wannan ya ɗan taɓa tambayarka ta wane ne ya riga wani.

Famasist_Auwal:
Ya taɓa, amma ɓera ba mutum ba ne Malam. Ina nan kan bakana.

Abu_Sadik_Tela:
Na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Famasist, amsar tambayarka: ina shan wani farin ruwa na olsa kusan kullum, sannan lokacin ɗinkin sallah nakan sha tramol saboda ciwon baya, in kwana a kan keke. Abincina kuwa Baba ya riga ya faɗe shi kamar yana leƙen shagona. Ruwa ma ba na sha sosai don kar in yi ta tashi.

Famasist_Auwal:
To ai ga ɓarawo a hannu muna ta bin sawu. Tramol da kodin suna cikin manyan masu ɗaure hanji, kai tsaye suke sa shi barci. Farin ruwan nan kuma duba jikin kwalbar, in akwai alminiyam a ciki shi ma yana taurara bayan gida. Ban ce ƙwayoyin ba su da laifi ba, amma fara da waɗannan.

Nas_Talatu:
Kuma shekara biyu ta isa a ga likita, Malam. A ƙa'idar asibiti, wanda ke zagawa ƙasa da sau uku a mako, da yunƙuri da tauri, har wata uku a jere, ya shiga layin masu ciwon da ya zauna. In ka ga jini, ko kana ramewa ba dalili, ko jininka ya yi ƙasa, ko wani a gidanku ya taɓa yin dajin hanji, kar ka ƙara kwana. Haka duk wanda ya haura 45 abin ya zo masa sabo. Kafin nan, ka riƙa shiga banɗaki bayan karin kumallo ko ba ka ji ba, lokacin hanji ya fi motsi. In masan na zama ne ka sa ɗan kujera ƙarƙashin ƙafa, tsuguno ya fi buɗe hanya.

Sarkin_Musu:
Ke nan duk dogon karatun Malam Nasiru ya tashi a banza, tramol ne.

Malam_Nasiru_Lab:
Bai tashi ba. Ya bar tramol ɗin ya ci gaba da shayi da burodi mu gani. Ni na fi zaton abu uku ne suka haɗu a kansa, kuma ƙwayoyin da aka yi wa zagaye uku aka bar su da yunwa suna ciki.

Hafsat_Abuja:
Ni dai kar a tura shi ga wake da yawa lokaci ɗaya, na gaya muku abin da na gani.

Abu_Sadik_Tela:
Na ji Anti. Gobe in sha Allah zan je asibiti da kwalbar a hannu. Baba Manomi, in za a kai gero inji ba a surfe ba, tuwon ba ya yin ɗaci? Uwargida ta ce ita ba za ta tuƙa abin da yara za su ƙi ci ba.

Baba_Manomi:
A wanke shi sosai a rege tsakuwa, a shanya ya bushe kafin a niƙa. Ta fara da rabi surfaffe rabi ba surfe. In yaran sun ƙi, kai ka ci, ai ba su ke nishin ba.